Abin da Kyamara ba ta Gani: Labaran Bayan Fage a Finafinai Biyu na Arlit

1.0 Gabatarwa

Masu sha'awar silima suna da wata al'ada ta tattara ƙananan labarai a kan yadda aka yi fim da abubuwan da ke ɓoye a cikinsa. Za ka ji suna cewa Alfred Hitchcock yakan gifta na ɗan lokaci a yawancin finafinansa, ko kuma cewa jinin da ya kwarara a wurin wanka a fim ɗin Psycho (1960) ruwan cakulan ne, tun da yake fim ɗin fari da baƙi ne, ba mai gane bambanci. A fagen nazari ba a cika ba irin waɗannan labarai muhimmanci ba. Ana ɗaukar su kayan hira, waɗanda ɗalibi kan cika takarda da su idan nazari ya gagare shi.

Manufar wannan takarda ita ce nuna cewa akwai finafinan da wannan hukunci bai dace da su ba. Za mu dubi finafinan haƙiƙa (documentaires) guda biyu da aka ɗauka a Arlit, garin haƙar uraniyom da ke jihar Agadas, wato Arlit, deuxième Paris (2005) na Idrissou Mora-Kpaï, da La colère dans le vent (2016) na Amina Weira. Abin da finafinan biyu suka tashi nunawa abu ne da ido ba ya gani, kyamara ma ba ta ɗauka. Don haka muna ganin cewa labarin bayan fagensu, wato wane ne ya riƙe kyamara, daga ina ya fito, da wane harshe ya yi tambaya, kuma a wace shekara, wani ɓangare ne na hujjar da suka gabatar. Wanda ya kalle su bai san da wannan ba, rabin shaida kawai ya ji.

Abin da Faransanci ke kira radioactivité, a nan za mu kira shi "tiriri", domin kalmar tana nufin abin da ke fita daga jikin wani abu ya taɓa na kusa da shi ba tare da an gan shi ba, ko da yake shi wannan tiriri ko zafinsa ba a ji.

2.0 Labarin bayan fage iri biyu

Iri na farko shi ne wanda ke ƙara wa mai kallo nishaɗi amma ba ya taɓa ma'anar fim. Misali na kusa da mu shi ne Akounak Tedalat Taha Tazoughai (2015), wanda Christopher Kirkley ya ɗauka a Agadas tare da makaɗin gita Mdou Moctar, bisa tsarin fim ɗin Purple Rain (1984). Labarin da aka fi yaɗawa a kansa shi ne cewa sunan yana nufin ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki, domin wai harshen Tamajek ba shi da kalma guda ta launin shunayya. Labari ne mai daɗin ji, ya kuma taimaka wajen tallata fim ɗin a Turai da Amurka, amma wanda bai ji shi ba bai rasa kome ba daga labarin saurayin da ke neman suna da gitarsa.

Iri na biyu kuwa yana sauya yadda ake fahimtar fim. Jean Rouch ya ɗauki Moi, un Noir (1958) a unguwar Treichville ta Abijan, tare da Oumarou Ganda, ɗan Nijar da ke aikin ƙarfi a can. An ɗauki hotunan babu sauti, daga baya Ganda ya zauna yana kallon hoton kansa yana magana a kai. Da zarar mai kallo ya san haka, muryar da yake ji ta tashi daga maganar mutum a bakin aiki, ta koma sharhin mutum a kan rayuwarsa. Hoton bai canza ba, amma fim ɗin ya zama wani daban. Finafinan Arlit a wannan rukuni suke.

3.0 Uraniyom da hoto

Silima da ilimin tiriri kusan tagwaye ne. Ranar 28 ga Disamba 1895 ƴan'uwan nan biyu, su Lumière, suka nuna fim ga ƴan kallo masu biyan kuɗi a Paris. Bayan kimanin wata biyu, a cikin wannan gari, Henri Becquerel ya ajiye gishirin uraniyom a kan farantin hoto da ke naɗe cikin baƙar takarda, a aljihun tebur. Da ya wanke farantin sai ya tarar da tabo a kansa, alhali haske bai taɓa shi ba. Ke nan ta hanyar kayan hoto aka gano tiririn uraniyom.

Sai dai tiriri ba ya barin tabo a fim sai ya yi tsanani ƙwarai. Haka ta faru ga Vladimir Shevchenko, wanda ya ɗauki hoton tashar Chernobyl a 1986: ɗige-ɗige da ƙara sun fito a fim ɗinsa, har aka fara zaton lalacewar kaya ce. Shi kansa ya rasu a 1987. A inda tiriri yake kaɗan-kaɗan, yana taruwa a jiki shekara da shekaru, hoto tas yake fita. An ɗauki fim ɗin The Conqueror (1956), wanda John Wayne ya fito a ciki, a hamadar Utah ta Amurka, inda iska ke kai ƙurar gwajin bama-baman nukiliya na Nevada, har aka kwashi tan 60 na ƙasar wurin zuwa Hollywood don ƙarasa aiki. A 1980 mujallar People ta ƙidaya cewa 91 daga cikin ma'aikatan fim ɗin 220 sun kamu da ciwon daji. Masana ba su daina jayayya a kan ko ƙurar ce sanadi ba. Abin lura a gare mu shi ne, a kan allo babu kome sai rairayi da dawaki. Labarin gaba ɗaya yana bayan fage.

Wannan ita ce matsalar da ke gaban duk wanda ya kafa kyamara a Arlit. Titin da na'urar awo za ta yi ƙara a kansa da titin da ba za ta yi ba, a hoto kamarsu ɗaya. Dole mai fim ya nemi wani abu da ake gani ko ake ji ya wakilci abin da ba a gani.

4.0 Garin da aka ɗauka

Arlit tana da nisan kusan kilomita 240 arewa da Agadas. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka gina garin a 1969, uraniyom ya fara fita daga buɗaɗɗen rami a 1971. A 1974 aka kafa COMINAK, wanda ya fara fitar da nasa a 1978 daga ramin ƙarƙashin ƙasa na Akuta, mai zurfin kimanin mita 250, garin Akokan kuma ya tsiro a gefensa. A shekarun 1970 albashi mai kauri ya jawo mutane daga ko'ina a Afirka ta Yamma, har garin ya sami laƙabin "Paris ta biyu". Daga farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya karye, tawayen 1990 zuwa 1995 kuma ya ƙara rufe hanyoyi.

Akwai abubuwa biyu na tsarin garin da mai kallo na nesa ba zai gane su a hoto ba. Na farko, gari biyu ne a wuri ɗaya: unguwannin kamfani masu famfo da lantarki da asibiti, da kuma unguwannin da suka taru a kewaye, waɗanda wasunsu ake kira Boukoki. Ga Bafaranshe wannan suna ne kawai, amma mai jin Hausa bukkoki yake ji. Na biyu, lantarkin garin daga gawayin da kamfanin SONICHAR ke haƙowa a Anu Araren, kusa da Cirozerin, yake zuwa. Duk ƙwan fitilar da aka ga yana ci a finafinan nan, gawayi yake ci, uraniyom kuwa can ƙetaren teku yake haskaka gidaje.

Game da awo, a watan Disamba 2003 ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa ta zo Arlit bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen. An karɓe mata kayan aiki a filin jirgin sama na Yamai, duk da haka ta ba da rahoton samun ƙarafa masu tiriri a kasuwa. Bayan ziyarar da ta kai a watan Nuwamba 2009, Greenpeace ta ce ta auna wani wuri a kan titin Akokan inda tiriri ya ninka na al'ada kusan sau 500, kuma huɗu daga cikin samfur biyar na ruwa sun wuce iyakar uraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Kamfanin ya sha musanta cewa jama'a na cikin haɗari, a 2011 kuma aka kafa wata cibiyar sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata a jihar Agadas. A cikin wannan gardama finafinan biyu suka shigo.

5.0 Arlit, deuxième Paris: hanya da shekara

Fim ɗin Mora-Kpaï, wanda aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2005, ya bi wani dattijo mai suna Isa da ya dawo Arlit don ganin ɗansa da abokansa na da. Ta dalilinsa muke haɗuwa da tsofaffin ma'aikata marasa lafiya, da direbobin hamada, da baƙi daga ƙasashe daban-daban masu jiran ƙetarawa Aljeriya. Wakilin tiriri a wannan fim shi ne lokaci. Kyamara takan tsaya cik, mutane suna zaune suna jira, wasu na jiran mota, wasu na jiran aiki, wasu na jiran abin da ciwo zai yi da su. Tun da cutar ma a hankali take aiki, jinkirin hoton ya dace da ita.

Ga abin da ke bayan fage. An haifi Mora-Kpaï a 1967 a yankin Bembereke, arewacin Benin, ya kuma bi ta Aljeriya da Italiya kafin ya kai Jamus, inda ya karanci fim a Babelsberg. Wato shi kansa ya yi irin tafiyar da mutanen da yake ɗauka suke jiran yi, shi ya sa bai dube su da idon mai tausayi daga nesa ba. Bugu da ƙari, Bembereke tana kan babbar hanyar da ta tashi daga iyakar Nijar zuwa Paraku. Ta wannan hanya manyan motoci suka yi shekaru suna ɗaukar gangunan garin uraniyom, tafiyar kusan kilomita 1,600 daga Arlit, kafin kayan su ƙarasa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, daga nan sai Faransa. Harshen Bariba da ake ji a fim ɗin tare da Hausa da Tamajek da Faransanci, harshen mutanen bakin wannan hanya ne. Ma'adini yana gangarawa kudu, ƴan ci-rani suna hawa arewa, a kan kwalta ɗaya. Fim ɗin bai zana taswira ba, amma wanda ya san asalin mai shi zai gan ta.

Shekarar ɗauka ma hujja ce. A 2001 farashin laba ɗaya ta uraniyom bai kai dala 10 ba, a tsakiyar 2007 kuwa ya haura dala 130, a shekarar ne kuma tawayen MNJ ya ɓarke. Ashe fim ɗin ya kama garin ne a ƙarshen doguwar faɗuwa, ana dab da wani tashin. Wanda ya ɗauki shirun titunansa a matsayin halin Arlit na dindindin ya yi kuskure.

Inda muke ganin rauni shi ne a laƙabin da fim ɗin ya ɗauka suna. Masu tuna "Paris ta biyu" da kewa suke tuna ta, fim ɗin kuma ya bar wa mai kallo aikin haɗa wani lissafi mai muhimmanci: zamanin daɗi da zamanin shaƙar ƙura zamani ɗaya ne. Ciwon da ake kuka da shi a 2005, idan daga rami ya fito, to a shekarun albashi mai kauri aka ɗauko shi. Mai kallo da ya shagala da kewar dattawa zai iya fita yana zaton matsalar Arlit ita ce tafiyar arziki kawai.

6.0 La colère dans le vent: uba da iska

Amina Weira ƴar Arlit ce. Ta yi karatun fim a makarantar IFTIC ta Yamai da Jami'ar Gaston Berger ta Saint-Louis a Senegal. Mahaifinta, wanda ya yi shekara 35 yana aiki a mahaƙa kafin ya yi ritaya, shi ne ginshiƙin fim ɗin, ta hannunsa kuma take isa ga sauran tsofaffin ma'aikata. A nan labarin bayan fage ya shigo cikin fage, tun da ba a ɓoye dangantakar ba. Sai dai yadda ake fassara ta ya bambanta. Mai kallo na Turai yana ganin sauƙi: ƴa ce, an buɗe mata ƙofa. Mu kuwa mun san cewa a al'adar ƙasarmu akwai kunya tsakanin uba da ƴa, kuma dattijo ba ya saurin bayyana raunin jikinsa ko nadamar aikin da ya ciyar da iyali da shi a gaban wadda ya haifa. Dangantakar da ta buɗe ƙofa ita ce kuma ta sa iyaka. Saboda haka shirun da ke tsakanin maganganu a fim ɗin ya cancanci nazari kamar maganganun kansu.

An ɗauki wannan fim a wani gari daban da na Mora-Kpaï, ko da yake sunan ɗaya ne. A tsakani, an sace mutum bakwai masu alaƙa da Areva da Satom a Arlit a watan Satumba 2010, an kai harin bam a SOMAÏR ranar 23 ga Mayu 2013, a 2015 kuma aka kafa dokar hana safarar baƙin haure, wadda aka soke a 2023. Gari ne da tsaro ya tsananta a cikinsa, kyamara kuma ta zama abin tuhuma. Wannan na cikin abin da ya sa zama ƴar gida ya yi tasiri, ya kuma sa hankalin fim ɗin ya koma kan mazauna: ruwan da suke sha, da ƙasar da suke gini da ita, da ƙarafan da ake ƙera kayan gida da su.

Wakilin tiriri a nan shi ne iska. A wani lokaci na shekara guguwar rairayi takan rufe garin, kowa ya nemi mafaka, aiki ya tsaya. Dabarar ta fi ta Mora-Kpaï kusanci da kimiyya, domin iska ce da gaske ke ɗaukar ƙura daga tulin dusar ma'adini da ke fili. Amma akwai wata ma'ana da sunan Faransanci bai ɗauko ba. A Hausa "iska" tana nufin wadda ke kaɗawa, tana kuma nufin halittar ɓoye da ke taɓa mutum ya kamu da ciwon da likita bai gane kansa ba. Idan aka mayar da sunan fim ɗin Hausa aka ce fushi cikin iska, mai ji zai tambaya: fushin wa? Na mutanen gari, ko na abin da aka tono daga ƙasa? Mu ne muka kawo wannan karatu, amma muna ganin duk mai jin Hausa da ya zauna gaban fim ɗin da shi zai kalla.

Akwai kuma wani ƙaramin abu a takardar gabatar da fim ɗin, inda aka ce Areva na haƙar uraniyom a Arlit tun 1976. Shekarar 1976 ita ce ta kafa Cogema. Sunan Areva bai bayyana ba sai 2001, a 2018 kuma aka koma Orano, alhali haƙa ta fara tun 1971. A bisa tarihin takardu wannan gajartawa ce. A bisa tunanin ƴan gari kuwa daidai ne, domin suna yana canzawa, rami da shinge suna nan yadda suke.

7.0 Na'ura da baki

Akwai wata hanya ta uku da rahotannin talabijin da na ƙungiyoyi suka fi bi, wato a nuna na'urar awo tana ƙara a kan ƙarfe ko a bakin titi. Ƙarfinta shi ne tana ba da lamba. Rauninta shi ne ɗan gari yakan koma mai nuna hanya, gwani daga waje shi ke magana. Finafinanmu biyu sun zaɓi baki a kan na'ura, kuma dole a faɗi abin da wannan zaɓi ba zai iya ba: babu ɗayansu da ya tabbatar cewa ciwon wane daga rami ya fito. Fim ba asibiti ba ne.

Amma mu duba inda takarda take. A 2012 wata kotu a Melun ta Faransa ta ɗora wa Areva alhakin mutuwar wani Bafaranshe tsohon ma'aikacin COMINAK da ciwon dajin huhu ya kashe a 2009, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta soke hukuncin a 2013. Ko da aka soke, shari'ar ta yiwu ne domin mamacin yana da takardun likita da lauya. Yawancin waɗanda suka yi magana a finafinan nan, maganar bakinsu ita ce takardarsu.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi shafar sashe irin namu. Akasarin masu kallon waɗannan finafinai a duniya rubutun ƙasan allo suke karantawa, shi kuwa layi biyu ne, dole ya zubar da wani abu. Abin da ya fi saurin zubarwa shi ne ƙananan kalmomi. Hausa tana bambanta "na gani da idona" da "an ce" da "wai", tana kuma da hanyoyin sakaya zargi, kamar a ce "su" ba a ambaci suna ba, ko a rufe magana da "Allah ya sani". A fim ɗin soyayya zubar da waɗannan ba asara ba ce babba. A fim ɗin da shaida ce jarinsa, su ne ke nuna nauyin kowace magana. Babban ɓoyayyen abu a finafinan Arlit yana nan a fili cikin sautinsu, sai dai mai karanta fassara ba ya jin sa.

8.0 Kammalawa

An rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, bayan ya fitar da kimanin tan 75,000 na uraniyom, ya kuma bar tulin dusar ma'adini da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 hanyar Benin ta rufe, a watan Yuni 2025 kuma gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Garin da Mora-Kpaï da Amina Weira suka ɗauka ya riga ya sauya, tsarar ma'aikatan farko kuma tana ƙarewa. Finafinan sun zama taskar tarihi, kuma tambayar da suka yi a kan ƙura da ruwa tana kan duk wanda mahaƙa ke hannunsa, ko wane ne shi.

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa a irin waɗannan finafinai labarin bayan fage kayan aikin nazari ne. Shawararmu ga ɗaliban babban digiri ita ce a rubuta dukkan maganganun Hausa da na Tamajek da ke cikin finafinan biyu kalma da kalma, a jera su gefe da gefe da rubutun Faransanci na ƙasan allo, a ga abin da ya tsira da abin da ya zube. Ya kamata kuma a tattara kalmomin da mutanen Arlit da Akokan da kansu suke kiran tiriri da su, domin wadda muka yi amfani da ita a nan tamu ce, ta cikin ofis. Aiki ne da ke buƙatar kunnen mai jin harshe da haƙurin mai fassara, sashe mai aiki da Hausa da Faransanci kuwa yana da duka biyun.